Idon Da Ba Ya Karɓar Goro: Tarihin Gardamar Kyamarar Hanya Da Abin Da Ya Shafi 'Ya'yanmu

A ƙarshen shekarar 1924 wasu motoci takwas na kamfanin Citroën suka ratsa ƙasar Tasawa a kan hanyarsu ta zuwa Damagaram. Daga Colomb-Béchar ta ƙasar Aljeriya suka taso ranar 28 ga Oktoba, ƙarƙashin jagorancin Georges-Marie Haardt da Louis Audouin-Dubreuil, tayoyi a gaba, sarƙa a baya irin ta tankar yaƙi, don kada yashi ya riƙe su. Sarkin Tasawa Barmu ya tarbe su, suka ɗauki hotunan fadarsa suka tafi da su Faransa. A wancan zamani mota abin kallo ce. Doki mai ƙarfi na iya jerawa da ita, kuma ba uwar da ta kwana da fargabar cewa wannan ƙarfe zai bi ta kan ɗanta.

Shekara ɗari bayan haka labari ya sake. Babbar hanyar ƙasa ta ɗaya, wadda ta taso daga Yamai ta bi ta Maraɗi da Agye da Gazawa da Tasawa ta nufi Damagaram, dare da rana ba ta hutawa. Manyan motocin kaya da bas-bas na dogon zango da 'yan kabu-kabu da amalanken shanu duk a kanta suke, ga kuma yara 'yan lakwal da ke tsallakawa safe da yamma. Hanyoyin da ke shiga ƙasar Mayahi, har zuwa garuruwa irin su Sarkin Hausa, su ma duk inda aka gyara su gudu ya ƙaru. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hatsarin hanya kowace shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. In aka auna da yawan jama'a, Afirka ce ta fi kowace nahiya asara, alhali ita ce mafi ƙarancin motoci.

Saboda haka ne ake ta maganar kyamarar da ke kama mai gudu da mai ƙetare danja. Wani zai ce, ina ruwan mutumin Sarkin Hausa da wannan gardama, garin da ko danja babu? Ruwansa a ciki shi ne, abin da ake jayayya a kai ya girmi kyamara nesa ba kusa ba: wa zai hana direba gudu, kuma ta yaya jama'a za su yarda cewa don rayukansu ake hanawa, ba don aljihun wani ba? In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Gara mu san yadda ta kaya a wurin waɗanda suka riga mu.

Sule ɗaya da ɗan sanda a kan keke

A Ingila aka fara. Dokar 1865 ta ƙayyade wa duk abin hawa mai inji gudun da bai wuce kimanin kilomita 6 a awa ba a karkara, kilomita 3 a cikin gari, kuma tilas wani mutum ya riƙa tafiya a gabansa da jar tuta yana gargaɗin jama'a. A watan Janairun 1896 wani mai suna Walter Arnold ya yi gudun kimanin kilomita 13 a awa a garin Paddock Wood. Ɗan sanda ya bi shi a kan keke ya kamo shi, kotu ta ci shi tarar sule ɗaya. Shi ake ƙirgawa a matsayin direban farko da aka ci tara kan gudu a ƙasar. A watan Agustan wannan shekara mota ta kashe wata mata, Bridget Driscoll, a birnin Landan. Jami'in da ya binciki mutuwarta ya yi fatan kada irin haka ta sake faruwa. Miliyoyi sun bi bayanta.

Tun daga nan direbobi da hukuma suka shiga wasan ɓuya. 'Yan sanda kan laɓe a bayan shinge da agogo a hannu, su auna daƙiƙun da mota ta yi tsakanin alama biyu. Masu motoci suka ce tarko ne na neman kuɗi. A 1905 suka kafa ƙungiyarsu ta AA, kuma aikinta na farko shi ne tura samari a kan kekuna su riƙa sanar da direbobi inda 'yan sanda suka laɓe. Duk wanda ya taɓa zama a gaban mota tsakanin Maraɗi da Tasawa ya ga jikan wannan dabara: direban da ke tahowa ya ƙyafta maka fitila, ka gane akwai jandarmomi a gaba, ka sassauta, da an wuce su ka koma yadda kake.

Ita kanta danja da hatsari ta shigo duniya. Ta farko an kafa ta a gaban majalisar dokokin Ingila a watan Disamban 1868, da iskar gas take aiki, ɗan sanda ke juya ta da hannu. Ko wata biyu ba ta yi ba ta fashe ta ƙona shi, aka cire ta. Sai a 1914 aka kafa mai lantarki a birnin Cleveland na Amurka.

Abin mamaki, wanda ya ƙirƙiro na'urar kama masu gudu ɗan tseren mota ne. Maurice Gatsonides, mutumin Holan, shi ya ci gasar Monte Carlo ta 1953. So yake ya san ainihin gudun da yake shiga kwana da shi don ya ƙara, sai ya haɗa na'urar aunawa. A 1958 ya kafa kamfani, 'yan sanda suka zama manyan masu saye. Na'urar farko robobi biyu ne da ake shimfiɗawa a kan titi, taya ta taka na farko agogo ya tashi, ta taka na biyu ya tsaya. Daga baya aka haɗa da kyamara da rada. Har yau Ingilishi na kiran irin wannan kyamara da guntun sunansa, Gatso.

Abin da Faransa ta gani

Tunda dokokin hanyar Nijar daga na Faransa suka samo asali, labarinta ya fi kusa da mu. A 1972 hanyoyin Faransa sun ci fiye da mutum 16,000 a shekara guda. An kawo ƙayyade gudu da ɗaura bel, adadin ya yi ta raguwa, amma har 2002 ana rasa fiye da 7,000. Ɗaya daga cikin cututtukan da suka addabe su mun san ta sarai: wanda aka rubuta wa tara in ya san wani babba, sai ya buga waya a yafe masa. Talakan da bai san kowa ba shi kaɗai ke biya.

Ranar 14 ga Yulin 2002 Shugaba Jacques Chirac ya sa tsaron hanya cikin manyan ayyukan mulkinsa. A watan Oktoban 2003 aka ƙaddamar da rada ta farko mai aiki da kanta a La Ville-du-Bois, kudu da Paris. Hoto na tafiya kai tsaye zuwa cibiya ɗaya a birnin Rennes, takardar tara ta iske mai mota a gidansa. Ba jami'in da za a roƙa a bakin hanya, ba kawun da zai sa baki. A 2010 adadin mamata ya sauko ƙasa da 4,000. Gyaran motoci da hanyoyi da yaƙi da tuƙi cikin maye duk sun taimaka, amma masu nazari sun yi ittifaƙi cewa raguwar gudu ce babban dalili. Tarar ba ta da wani yawa. Abin da ya canza halin direba shi ne tabbacin cewa za ta zo, ko shi ɗan wane ne.

Duk da haka ba a rabu da rigima ba. A watan Yulin 2018 gwamnati ta rage iyakar gudu a hanyoyin karkara daga kilomita 90 zuwa 80. Mutanen ƙauye, waɗanda ba su da jirgin ƙasa ko bas sai motarsu, suka ji kamar 'yan birni ne ke tatsar su. Da zanga-zangar masu riguna ruwan ɗorawa ta ɓarke a watan Nuwamba, kyamarori na cikin abin da aka fara hucewa a kansu. A Janairun 2019 ministan cikin gida Christophe Castaner ya ce an lalata kusan kashi 60 cikin ɗari nasu. Na'urar da ta ceci dubban rayuka ta koma abokiyar gaba, don an ƙaƙaba sabuwar doka ba tare da an shawo kan waɗanda za ta fi shafa ba.

Inda kuɗi suka ɓata lamarin

A Amurka an fi yin gardama kan kyamarar danja, kuma kowane ɓangare na da hujjar da ba za a raina ba. Binciken hukumar manyan hanyoyin tarayya na 2005 ya gano cewa a mahaɗun da aka sa kyamara, karon da mota ke sokar wata ta gefe ya ragu da kimanin kashi 25 cikin ɗari, amma karon baya ya ƙaru da kimanin kashi 15, saboda direbobi na taka birki ba zato don tsoron tara. Masu goyon baya suka ce karon gefe shi ke kisa, na baya galibi ƙarfe yake lanƙwasawa. Masu adawa suka ce an dai sauya wa hatsari wuri.

Abin da ya fi zubar da mutuncin shirin shi ne cin hanci. Birnin Chicago ya fara sa kyamarori a 2003, ya ba kamfanin Redflex kwangila. Daga baya jaridar Chicago Tribune ta tono cewa kamfanin ya yi shekaru yana ba wani jami'in sufuri na birnin, John Bills, kuɗi da kyaututtuka. A 2016 kotu ta ɗaure shi shekara 10, shugabar kamfanin a Amurka ma ta sha ɗauri. An kuma gano dubban takardun tara da aka rubuta a mahaɗun da wutar gargaɗi mai ruwan ɗorawa ba ta cika daƙiƙa uku ba. Duk inda kamfani ke samun kaso daga kowace tara, ribarsa na cikin yawan masu laifi, ba cikin raguwarsu ba. Mutanen Houston sun kaɗa ƙuri'ar cire kyamarori a 2010, jihar Texas kuma ta haramta su baki ɗaya a 2019.

Amma a ƙasar dai, birnin New York ya bi wata hanya da ya kamata malamai da iyaye su lura da ita. A 2013 aka ba shi izinin gwada kyamarar gudu a kewayen makarantu 20 kacal. Tarar dala 50 ce, kuma ba ta kama mutum sai ya zarce iyaka da fiye da kimanin kilomita 16 a awa. Iyayen da suka rasa 'ya'ya a kan titi su ne suka yi ta zarya majalisa har aka faɗaɗa shirin zuwa yankunan makarantu 750 a 2019, sannan daga Agustan 2022 kyamarorin suka koma aiki dare da rana. Da wuya mutum ya tsaya gaban jama'a ya kare 'yancinsa na sheƙa gudu a ƙofar makaranta.

Gardamar ta iso gida

A Afirka ma an shiga wannan zamani. Ruwanda ta baza kyamarori har jama'a suka laƙaba musu suna Sofiya. Da koke ya yi yawa cewa ana cin mutane tara a wuraren da aka sa iyakar kilomita 40, Shugaba Paul Kagame da kansa ya fito a Nuwamban 2021 ya ce a sake duba lamarin, aka sassauta. Kodebuwa ta fara cin tara ta hanyar bidiyo a Satumban 2021, saƙo ya iske mai mota a wayarsa, sannan a Maris na 2023 ta kawo lasisin tuƙi mai maki 12 da ake zabge wa mai laifi. Legas ta sanar a farkon 2025 cewa kyamarorinta za su riƙa cin naira 50,000 kan gudu da naira 20,000 kan ƙetare danja, nan take masu motoci suka ce gwamnati ta samo sabuwar hanyar tara haraji.

A ƙasar Hausa kuwa, har yanzu mutum ne a tsaye a bakin hanya. Najeriya ta kafa hukumar kiyaye haɗurra ta tarayya a 1988, Wole Soyinka ne shugabanta na farko, kuma a 2017 ta fara tilasta wa motocin haya sa na'urar ƙayyade gudu. Kano ta kafa KAROTA a 2012. Ba mai musun cewa mahaɗun Kano sun fi tsari bayan zuwanta, amma yajin aikin da 'yan Adaidaita Sahu suka yi a Fabrairun 2021 da Janairun 2022 kan kuɗaɗen da ake karɓa a hannunsu ya nuna inda gizo ke saƙa: da zarar direba ya ɗauki hukumar hanya a matsayin mai karɓar kuɗi, ya daina jin maganarta a kan rai. Nijar na da tata hukumar, ANISER, ga kuma jandarmomi da 'yan sanda a kan hanyoyi. Korafin da ake ji a tasha iri ɗaya ne ko'ina: an fi duba takardu a kan gudu, kuma wani lokaci na goro na rufe magana.

A nan ne kyamara ke da farin jini, don ba ta san ɗan sarki ba, ba ta karɓar goro. Amma tarihin da muka bi ya nuna sharuɗɗanta. Sai abin hawa na da lamba, lambar kuma na da rajista da sunan mai ita na yanzu da wayarsa. A karkararmu babura nawa ne ke yawo ba lamba, motoci nawa aka sayar hannu uku takarda na ɗauke da sunan mai ita na farko? Sai da lantarki da intanet da mai gyara. Sai da alamar iyakar gudu a fili, wadda direba zai gani tun daga nesa. Sai da wurin da wanda aka zalunta zai kai ƙara ba tare da ya yi tafiyar kwana ba. Sai kuma jama'a sun san inda kuɗin tara ke zuwa. In babu waɗannan, an sayi ƙarfe mai tsada an rataye a kan sanda, ko kuma an ɗauke cin hancin daga bakin hanya an kai shi ofis.

Abin da ke hannunmu

Kyamara hanya ce, abin da ake nema shi ne rage gudu a inda yara suke. Wannan kuwa lissafi ne da kowane malami zai iya yi a kan allo. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a cikin daƙiƙa ɗaya, wato kafin ƙafar direba ta kai kan birki. A makarantun koyon tuƙi na tsarin Faransa ana koyar da wata ƙa'ida mai sauƙi ta ƙiyasta nisan tsayawa a busasshiyar hanya: ɗauki lambar gomomi ka ninka ta da kanta. Mai gudun 30 zai tsaya a kimanin mita 9, mai 50 a mita 25, mai 90 a mita 81. A fitar da yara filin lakwal, a auna musu mita 81 da igiya, su gani da idonsu. Yaron da ya taka wannan nisa da ƙafarsa ba zai ƙara cewa "ai direba ya gan ni" ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hatsarin mutuwar mai tafiya a ƙasa da mota ta buge na ninkuwa sau huɗu da rabi tsakanin gudun 50 da 65. Shi ya sa taron ministocin duniya da aka yi a Stockholm a Fabrairun 2020 ya nemi a tsayar da iyaka a kilomita 30 a duk inda mutane da motoci ke cakuɗuwa.

Kwamitin iyaye da malamai na kowace makaranta da ke bakin hanya na iya fara abu uku ba tare da jiran Yamai ba. Na farko, littafi. A riƙa rubuta duk hatsarin da ya faru a gaban makaranta, har wanda aka tsallake rijiya da baya: rana, lokaci, irin abin hawa, daidai wurin. Da wannan littafi za a je gaban magajin gari ko hakimi, don hukuma ta fi jin magana mai lissafi a kan kuka. Na biyu, a nemi tudun rage gudu, wanda ake kira jandarma kwance, amma wanda masu aikin hanya suka yi bisa ƙa'ida, da fenti da alama. Wanda matasa ke tarawa da ƙasa da kututture cikin fushi bayan an kashe yaro, shi ma yakan kayar da ɗan kabu-kabu cikin dare. Na uku, babba ɗaya a bakin hanya lokacin shiga da tashi, musamman ranar kasuwa. Iyaye su yi karɓa-karɓa. In za a iya mayar da ƙofar makaranta ta daina kallon titi, ya fi.

Akwai kuma wanda ya fi waɗannan ɗaci. Yaron da ke sheƙa gudu da babur a tsakiyar gari, ɗan shekara 13, da ƙannensa uku a baya, ba daga wata ƙasa ya zo ba. Ubansa ne ya miƙa masa makulli. Fasinjan da ke ce wa direba ya taka don a riski kasuwa, mu ne. In an yi hatsari mukan ce ƙaddara, kuma gaskiya ne komai da ikon Allah, amma addininmu ya koya mana a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali.

Ranar da aka zo da maganar kyamara a Maraɗi ko Tasawa, kuma alamu na nuna wannan zamani ba zai tsallake mu ba, kada mu tarbe ta da guɗa, kada kuma mu tarbe ta da jifa. Mu yi tambayoyin da Chicago da Faransa suka biya da tsada kafin su koya. A ina za a kafa ta, inda yara ke mutuwa ko inda kuɗi suka fi shigowa? Wa ya ci kwangilar, kuma yana da kaso a cikin tara? Motar gwamnati da ta mai kuɗi za su biya kamar ɗan kabu-kabu? Za a riƙa bayyana wa jama'a kowace shekara ko hatsari ya ragu? In an amsa waɗannan a fili, mu ne ya kamata mu fara cewa a kawo ta ƙofar makarantarmu.

Sannu ba ta hana zuwa. Allah Ya tsare mana 'ya'yanmu a hanyar zuwa lakwal da dawowa.